Yadda za ka zaɓi akwatin kayan aiki mai taya idan kuɗinka ba su da yawa

Duk mai taɓa motarsa ko janaretansa da hannunsa ya san halin sufana mai lamba 10: ranar da ake nemanta, ranar take ɓata. Na daɗe kayan aikina suna zube a tsohon bokitin fenti da wani buhu a kusurwar garejin gidanmu a Rikkos. Safiyar Asabar, ana zuga sanyin nan na Jos, sai na zazzage su duka a ƙasa kafin in ga abin da nake nema. Da na gaji, na je na sayo akwatin ƙarfe mai taya, ja jawur, durowa tara, kuɗinsa kuma bai kai na sauran ba. Bai rufa wata huɗu ba taya ɗaya ta karye a bakin ƙofa, durowar ƙasa ta lotsa ta daina rufuwa. Wanda na saya daga baya durowarsa biyar kacal, fentinsa duk ƙarce, yana nan har yau yana aiki.

Abin da asarar nan ta koya mini shi ne, kuɗin akwati a wuri uku yake: layin ƙarfen da durowa ke gudu a kai, kaurin jikinsa, da tayoyinsa. Yawan durowa da ƙyallin fenti kiran kasuwa ne kawai.

Fara da zube kayanka a ƙasa

Kafin ka taka kasuwa, shimfiɗa tabarma ko kwali, ka fito da duk abin da ka mallaka. Ware su kashi uku. Masu kwanciya a baje: sufanu, sukudireba, filaya, soket na kwance noti. Masu ƙiba: injin huda bango, injin yankan ƙarfe, guduma, gwangwanin giris. Sai tarkace: noti, washa, fis, ƙusoshi. Ɗauki tef ka auna tsawon abin da ya fi kowanne tsawo, da kaurin wanda ya fi kowanne ƙiba, ka rubuta a takarda.

Yawancin masu gareji a gida za su tarar kashi na farko ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ke nan abin da kake buƙata durowoyi ne marasa zurfi, masu inci 2 zuwa 3, guda uku ko huɗu, da mai zurfi ɗaya ko biyu a ƙasa, inci 6 ko fiye. Durowa mai zurfi da aka cika da sufanu bokitin fentin nan ne ya dawo da sabon kaya. Jak da batir da galan ɗin mai kuwa kada ma ka sa su a lissafi, ba wurinsu ba ne.

Daga nan ka auna wurin da akwatin zai tsaya, da motar a ciki, ba a waje ba. Ƙananan akwatunan kasuwa faɗinsu kusan inci 26 ne, wato santimita 66, zurfinsu zuwa bango kuma inci 18, kusan santimita 46. Durowa idan ta fito gaba ɗaya za ta ci kusan wani inci 18 ɗin, kai ma kana son wurin tsayawa. Akwai masu faɗin inci 41 zuwa 42, har da 52 da 72, amma waɗannan na manyan gareji ne. Mai mota ɗaya da janareta ɗaya, na inci 26 ya ishe shi, ya bar durowa ɗaya babu komai saboda kayan da zai ƙara nan gaba.

Sabo, na hannu, ko na mai walda

Sababbin da aka fi gani a shagunanmu na kamfanoni ne irin su Ingco da Total da Tolsen. Daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu dala yake bi. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin da ka ji a bakin wani watanni uku da suka wuce labari ne kawai. Zagaya shago uku aƙalla, a wajajen Terminus da kasuwar Building Materials ta hanyar Bukuru, ka ji na yau da kunnenka.

A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Za a nuna maka akwati iri ɗaya kashi biyu: wanda babu komai a ciki, da wanda aka cika da kayan aiki ɗari da wani abu, kowanne a raminsa, gwanin sha'awa. Idan kana da kayanka, sayi wanda babu komai. Rabin abin da ke cikin cikakken ba za ka taɓa shi ba har ka tsufa, ramukan robar kuma ba za su karɓi sufanun da kake da su ba. Haka nan akwai masu hawa biyu, ƙaramin akwati a kan babba. Na ƙasan mai taya shi ne uwa. Saye shi kaɗai, samansa ya zama maka teburin aiki, na saman ya jira wata shekarar.

Na hannu kuwa sai da haƙuri, don ba kullum ake samu ba. Ka bar sallahu wurin masu kayan gwanjo da masu sayar da kayan mota a Dilimi, da kanikawan Farin Gada, su ne ke fara jin labari idan wani zai rufe gareji ko an sauke kayan waje. Idan Allah ya haɗa ka da tsohon Snap-on ko Craftsman na Amurka, ko da fentinsa ya koɗe, tsaya ka duba shi da kyau, tsofaffin nan ƙarfensu ba wasa ba. A shafin saye da sayarwa na Jiji da Facebook ma ana tallata su, sai dai hoto ba ya nuna durowar da ke cijewa. Kada ka tura ko sisi sai ka je ka taɓa da hannunka.

Hanya ta uku, wadda nake ganin an raina ta, ita ce mai walda. Jos ba ta rasa gwanayen ƙarfe ba. Sai dai mai waldan da ya iya ƙofa da taga ba lallai ya iya durowa ba, don durowa aikin awo ne na milimita. Ka nemi wanda ya taɓa yin kabad na ƙarfe, ka ga aikinsa da idonka. Kuma kai za ka sayo layukan durowa da tayoyi da kanka ka kai masa, kada ka bar masa zaɓi. Layin da kafintoci ke sa wa kabad ɗin kicin, mai faɗin milimita 45, yana son a bar masa rabin inci a kowane gefe tsakanin durowa da bango. Idan aka ƙara ko aka rage, durowar za ta yi ta cijewa har abada.

Gwajin da za ka yi a gaban mai kaya

A nan ake yin ta. Kada kunya ta hana ka, kuɗinka ne.

Jawo kowace durowa har ƙarshenta, ɗaya bayan ɗaya. Leƙa gefenta. Layi iri biyu ne: wanda ƙarfe ke gogar ƙarfe kawai, da mai ƙananan ƙwallayen boris a ciki. Na farkon yana tafiya sumul muddin durowa ba ta da komai, da ka loda mata ƙarfe sai ka sa hannu biyu. Mai boris shi za ka nema. Masu kyau daga ciki ana rubuta musu cewa durowa ɗaya tana ɗaukar kilo 45, wato kaɗan ya rage ta ɗauki buhun siminti. Idan ba a rubuta komai ba a kwali ko a takarda, ka ɗauka ba ta kai haka ba. Sannan ka duba ko durowar tana fitowa gaba ɗaya. Wadda ke tsayawa a kashi uku cikin huɗu, can lungunta na baya ne sufana mai lamba 10 za ta koma da zama.

Da durowar a buɗe, ɗora tafin hannunka a tsakiyarta ka danna. Idan ƙasanta ya lotsa ya yi ƙara irin ta murfin gwangwani, ƙarfen ya yi siriri. Kama bakinta ka girgiza hagu da dama. Ɗan motsi ba laifi, amma kada ta yi rawa. A takardun akwatuna ana rubuta kaurin ƙarfe da lambar geji, kuma lissafinsa a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Geji 18 kusan milimita 1.2 ne, geji 20 kusan 0.9, geji 22 kuma bai wuce 0.8 ba. Don aikin gida, geji 20 zai yi, 18 ya fi. Idan babu takarda, ɗaga gefe ɗaya na akwatin ka ji. Wanda ka ɗaga da hannu ɗaya kana dariya, bar musu kayansu.

Ranar da na je sayen na biyun, wani dattijon bakanike na tafi da shi, abokin mahaifina. Ni ina ta shafa fenti, shi kuwa ya durƙusa yana leƙen ƙasa.

"Baba, me kake nema a nan?"

"Ƙafarsa nake dubawa, yaro. Wa ka taɓa gani ya sayi jaki bai duba ƙafa ba?"

Tayar da yake so mai inci 5 ce, ko 4 idan an matsa, mai roba a baki, an ɗaure ta da noti huɗu a kan ƙarfe mai kauri, ba a jikin siririn farantin akwatin ba. Ƙaramar tayar filastik irin ta kujerar ofis ko tsakuwa ɗaya ta tsayar da ita, akwatin kuma idan ya tsaya cak da nauyi a kansa, gaba yake tuntsurowa. Biyu su zama masu juyawa, biyu tsayayyu, mariƙin turawa kuma ya kasance ta ɓangaren masu juyawan. Masu juyawan nan lallai su kasance da birki. Gidajen Jos da yawa a kan gangara suke, garejin ma an karkata daɓensa don ruwa ya fita; akwati marar birki sai ya bi gangarar ya sami ƙofar motarka. Taka birkin ka tura da ƙarfi ka gani. Wata dabara kuma: idan an rubuta nauyin da kowace taya ke ɗauka, ninka shi sau uku, ba huɗu ba, ka san nauyin da akwatin zai iya ɗauka, don a daɓen da bai daidaita ba taya uku ne ke aiki a lokaci guda.

Makulli: ka kulle, ka ja kowace durowa. Idan akwai yara a gida wannan ba ado ba ne, yaro yakan mai da buɗaɗɗun durowoyi matakala. Wasu akwatunan an yi su yadda durowa ɗaya kaɗai ke buɗuwa a lokaci guda, don kada nauyi ya rinjaya gaba. Idan ka sami irin wannan a cikin kuɗinka, ka yi sa'a.

A na hannu, ƙarce da ɗan lotsawa a gefe ba komai ba ne, hujjar neman ragi ce ma. Tsatsar sama-sama tana fita da sanfefa da fenti. Abin gudu shi ne tsatsar da ta cinye ƙasan akwatin inda tayoyi ke ɗaure, da jikin da ya murɗe. Tsaya a gabansa ka dubi tsagar da ke tsakanin durowoyi: idan ta yi faɗi a gefe ɗaya ta matse a ɗayan, akwatin ya taɓa faɗuwa da kaya a ciki, ba zai miƙe ba. Taya da makulli ana canza su da sauƙi. Layin durowa kuwa sai ka tabbatar akwai irinsa a kasuwa kafin ka biya.

Ciniki da kai shi gida

Ware kuɗin ɗauko tun kafin ka fara tayi. Akwatin kirki ko babu komai a cikinsa yakan yi nauyin buhun siminti, ba ya shiga but ɗin ƙaramar mota, sai Keke ko akori-kura. Idan daga Legas za a turo maka, ku yi magana a fili tun farko kan wanda zai ɗauki asara idan ya iso a lotse. A tsaye ake ɗaukarsa, a kulle, a ɗaure. Sabo kuma a buɗe kwalin a gabanka, ka ƙirga tayoyi da notinsu da makullai, don yawanci a cikin durowar ƙasa ake zuba su, kai za ka ɗaura.

Kada ka biya kuɗin shimfiɗar durowa ta musamman. Ragowar ledar ɗaki ko tabarmar roba, ka yanka daidai kowace durowa, ta hana kaya zamewa. A saman akwatin ka ɗora guntun katako mai kauri, a kasuwar Katako za a yanka maka daidai awo.

Wajen jera kaya, masu nauyi ƙasa, marasa nauyi sama, abin da hannunka ya fi kaiwa gare shi kullum kuma a durowa ta ɗaya da ta biyu. Batirin mota kada ya kwana a ciki ko a kai, tururin ruwansa yana cin ƙarfe. Daga Afrilu zuwa Oktoba da ake ruwa a Jos, musamman Yuli da Agusta, janye akwatin daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, ka shafe kayan da tsumma mai ɗan mai, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi cikin kowace durowa. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: tana haɗuwa da giris ɗin layi ta zama kamar yashi. Idan hazo ya wuce, zare durowoyin ɗaya-ɗaya, akwai ɗan harshen roba a cikin layin da ake dannawa su fito. Goge tsohon giris ɗin da kananzir, ka bari ya bushe, sannan ka shafa sabo kaɗan da ɗan yatsa.