Darasi Na 7: Daga Ina Kuzar Jos Ta Fito?

Duk wanda ya taɓa zuwa Jos daga Zariya ko Bauchi ya san inda mota take fara nishi, sanyi kuma ya fara ratsa jiki. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, tsaunin Shere da ke gabas da shi kuwa ya kai mita 1,829. Yau za mu koyi abin da ya haɗa duwatsun nan da kuza.

Masana ƙasa sun ce kimanin shekara miliyan 160 da suka wuce, zafi ya narkar da dutse a can ƙarƙashin ƙasa. Narkakken dutsen ya yi ta tasowa kamar kunu a kan wuta. Wani ya ɓullo waje, wani ya tsaya a ciki ya huce sannu a hankali har ya daskare. Yana cikin hucewa, ruwan zafi ya bi tsagogin dutsen ya ajiye kuza a ciki. Irin duwatsun nan a jere suke tun daga Azbin a ƙasar Nijar, su biyo ta Damagaram, sannan Riruwai a jihar Kano, har Jos. Na Azbin sun fi tsufa nesa ba kusa ba.

Daga nan sai aikin ruwan sama. Damina bayan damina yana cin dutse, yana marmashe shi, rafuka suna kwashe yashi su yi gaba. Ita kuza nauyi gare ta, ba ta tafiya da nisa, sai ta kwanta a gindin rafi. Abin da ya sa ake wanke ta ke nan.

Ku gwada a gida. Ku zuba yashi da 'yan ƙananan ƙusoshi a ƙwarya, ku sa ruwa, ku riƙa juyawa kuna tsiyayewa kamar yadda mata suke regen shinkafa. Yashi zai fita, ƙusa ta zauna a ƙasa. Dabarar 'yan kuza ke nan.

Mutanen Riruwai sun san narka kuza tun kafin zuwan Turawa, kada a manta da wannan. Turawa sun shigo da kamfanoni ne a farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa daga Zariya ya isa Jos a 1914, leburori kuma suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da sauran wurare.

Kamfanonin sun tafi, ramukansu suna nan cike da ruwa a kewayen Bukuru da Barikin Ladi. Don Allah a hana yara wanka a ciki. Kududdufin kuza ba kamar na bayan gari ba ne: gefensa a tsaye yake, zurfinsa ba a gani, ya kuma sha cin rai.

Aikin gida: ku rubuta jimla uku a kan abin da ya rage a ƙwaryarku.