Yadda zaka fara da gajerun kiɗan fiyano na su Chopin, ko da kibod ɗin aro ne

Ƙanena da muke zaune tare a Mabera ya aro kibod wurin wani abokinsa mai kiɗa a coci, irin mai maɓalli 61 ɗin nan, ya zo yana ce min wai Liebestraum na Liszt zai koya don ya ji shi a YouTube ya burge shi. Nace kai yaro baka tausayin yatsunka. Wanga kiɗa ko waɗanda suka shekara biyar suna bugawa sai sun yi gumi, kai ko jiya jiya ka san inda maɓallin C yake.

Da kunne ake farawa. Ka sami iyafis mai ɗan kyau, ka bari sai bayan isha'i lokacin da janareton maƙwabta ya mutu, ka sauke kiɗa guda ɗaya tak a waya. Ni wanda nake ba kowa shine Prelude na 7 cikin jerin gajerun kiɗan Chopin, mai tsara kiɗa ɗan Poland, da ake kira Op. 28, gaɓa 16 ne kacal (ƙananan yankunan da ake raba kiɗa a takarda), bai ma cika minti ɗaya ba. Su 24 ne gaba ɗaya, an wallafa su a 1839, kuma ya ƙarasa su ne a tsibirin Mayorka na Sifen cikin sanyi yana fama da tari. Jin farko ka bi muryar sama kawai wadda hannun dama ke yi, na biyu ka ƙyale ta ka bi hannun hagu, na ukku ka haɗa su.

Abinda zai fara damunka na san shi don nima ya dame ni. Kunnenmu ya saba da kalangu ko kotso, akwai mai riƙe lokaci ba ya gocewa, ga 'yan amshi suna dawo da kai hanya. Nan ko babu ganga, mai bugawa shi ke jan lokacin, ya ɗan tsaya kamar ya manta sannan ya yi sauri ya cike, sai ka ɗauka kuskure yake yi ko netwok ne ke tsinkewa. Sunan abin rubato, kalmar Italiya ce mai nufin abinda aka sace, wato ka saci lokaci nan ka biya can. In kana son ganinsa ƙiri ƙiri nemi Träumerei na Schumann, na 7 cikin guda 13 na Kinderszenen da ya rubuta a 1838, ka kalli yadda shahararren mai buga fiyano Horowitz ya buga shi a Mosko a 1986 yana tsoho tukuf, sannan ka saurari wani daban. Takarda ɗaya suke karantawa amma wallahi kamar ba kiɗa ɗaya ba.

To sai hannu. Takardun kiɗan kyauta ne a shafin intanet na IMSLP, ka kai kafe a buga maka. Fara da Melodie, na farko cikin Album für die Jugend na Schumann, guda 43 ne ya yi a 1848 kuma don 'ya'yansa ya fara rubuta su, shi yasa basu wahalar da yatsu. Hannun dama shi kaɗai kwana ukku, na hagu kwana ukku, in zaka haɗa kayi a hankali har ya baka haushi.

Bayan shi Prelude na 4 na Chopin, wanda ni duk cikinsu shi nafi so. Hannun dama kusan maɓalli biyu yake ta lilo a kai, B da C, aikin duk na hagu ne, yatsu ukku suna danna tare sai ɗaya ya zame ƙasa kaɗan, can wani ya zame, kamar mutum na sauka rijiya a hankali, kuma in ka danna hagun da ƙarfi ka kashe kiɗan don raɗa ake so yayi. An buga shi a jana'izar Chopin ɗin kansa a Faris a 1849. Nan dole ka sayi feda ta ƙafa mai riƙe sauti, kuma ka duba ko kibod ɗin na bambance dannawa a hankali da ta ƙarfi, in baya yi to wahalar banza kake. Cikakken fiyano maɓalli 88 gare shi, don haka wani sautin can ƙasa ba zaka same shi ba, buga na samansa ka wuce. Ka riƙa rufe shi da zani kuma, ƙurar hunturun Sakkwato in ta shige ƙarƙashin maɓalli sai ya dena magana.

Akwai na saurare kawai tukuna. Intermezzo na 2 cikin Op. 118 na Brahms, 1893, wanda ya sadaukar ga Clara Schumann, matar Schumann. Da Prelude na 15 da ake ce wa ɗigon ruwa saboda maɓalli guda da ke ta ɗiga tun farko har kusan ƙarshe, ko da yake ba Chopin ya raɗa masa sunan ba, wannan ka ajiye shi sai Agusta ruwa na dukan kwano.

Ƙanen nawa dai yanzu wata biyu yana kan na 4, ya kai gaɓa ta 12, kuma mai kibod ya fara aiko saƙo yana son abinsa kafin Kirsimeti.