Kafin ku sa hannu a takardar zuba jari a Amurka

Batun lambar Social Security da buɗe asusun banki ba zan tsaya a kai ba. Wanda ya riga ka zuwa zai raka ka, cikin 'yan makonni an gama. A wannan fanni mutanenmu sun ciri tuta, ban taɓa ganin baƙo ya sauka ya rasa mai kama masa hannu ba. Damuwata tana farawa ne bayan aiki ya zauna, albashi ya fara saura, mutum ya ce bari ya juya kuɗinsa.

Idan wurin aikinka yana da tsarin ajiyar ritaya na 401k, kuma kamfanin yana ɗora nasa a kan abin da ka zuba, shiga kawai. Sai dai da ka shiga, ko ka buɗe naka asusun IRA, wato ajiyar ritaya da mutum ke buɗe wa kansa, za a miƙo maka jerin asusun haɗaka, inda mutane da yawa ke haɗa kuɗi a saya musu hannun jari, a ce ka zaɓa. Kashi biyu ne. Akwai mai manaja, wanda wani gwani da ma'aikatansa ke zaɓen hannun jarin da za a saya da wanda za a sayar, da nufin su fi kasuwa riba. Akwai kuma asusun indeks, wanda ba ya zaɓe: yana sayen duk kamfanonin da ke cikin wani ma'auni, kamar S&P 500 mai ɗauke da manyan kamfanoni kusan 500, ya riƙe su. John Bogle na kamfanin zuba jari na Vanguard ne ya fara kawo wa talakawa irinsa a 1976, aka yi ta yi masa dariya.

A nan na sha wuya. Shekarata ta uku, na tara dala 10,000 da gumin aikin dare. Wani mai ba da shawara kan kuɗi, mai fara'a da daɗin baki, ya zaunar da ni ya nuna mini zanen ribar wani asusu mai manaja. Na sa hannu ban karanta ba, don ina jin nauyin yawan tambaya. Sai da takardar farko ta iso na ga dala 9,425. An cire kashi 5.75 cikin ɗari tun daga bakin ƙofa, kuɗin shiga ne wai, kuma kaso mai tsoka na wanda ya kawo ni ne. Dala 575 ta tafi kafin kuɗina ya kwana ɗaya a kasuwa. Na kira shi, ya ce ai yana cikin takarda. Gaskiyarsa, yana ciki, ni ne ban duba ba.

Ashe wannan ma ƙarami ne. Akwai kuɗin kula da asusu da ake zara duk shekara, ko an ci riba ko an faɗi, kuma ba wanda zai aiko maka da rasit. Nawa ya haura kashi 1. Manyan asusun indeks kuwa suna karɓar kashi 0.05 ko ƙasa da haka. Ƙannena, ku yi lissafin da kanku. Mu ce kasuwa tana ba da kashi 7 a shekara. Dala 10,000 a asusu mai arha za ta kai kusan 75,000 cikin shekara 30. A mai cin kashi 1, kusan 57,000. Da ma gwanin yana rama maka wannan giɓi, da da sauƙi. Rahoton SPIVA, wanda kamfanin S&P ke fitarwa, ya sha nuna cewa a tsawon shekara 15, kusan tara cikin goma na manajojin manyan hannayen jarin Amurka ba sa kamo ma'aunin. Shahararren mai zuba jari Warren Buffett ya sa cacar dala miliyan 1 a kan haka daga 2008 zuwa 2017, kuma asusun indeks ya yi nasara da tazara mai faɗi.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, ina ba da wannan labari, wani sabon zuwa yana gyaɗa kai, bayan wata biyu ya zo yana nuna mini asusun da ya fi kowa riba bara. Wanda ya yi zarra bara ba lalle ya yi bana ba. Tambaya biyu kawai nake roƙon ku yi kafin ku taɓa biro: nawa ne kuɗin shiga, nawa ne na shekara?

Ga masu gudun kuɗin ruwa, ku sani S&P 500 yana ƙunshe da bankuna. Akwai asusun Amana mai manaja tun 1986, akwai kuma SPUS da HLAL, masu bin ma'aunin da aka tace bisa shari'a, waɗanda aka buɗe a 2019. Kuɗinsu ya ɗara na indeks na gama-gari, don haka su ma ku kwatanta.

Kuma indeks ba ya hana faɗuwa. A 2008 S&P 500 ya zube da kusan kashi 37, a farkon 2020 ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku a 'yan makonni. Kuɗin haya da na ko-ta-kwana su zauna a banki. Abin da za ka iya mantawa da shi shekara goma, shi za ka kai kasuwa.