Yadda za a tserar da alkama daga zafin bazara

Alkama shukar sanyi ce. Abin da ya sa take yi a Dadin Kowa da Balanga shi ne hunturu, kuma hunturun nan gajere ne. Duk dabarar nomanta a Gombe ita ce ta yi fure, ta cika ido, kafin zafin watan Maris ya sauko.

A jikin shukar akwai ƙwayoyin gado da ba sa farkawa sai ta ji wuya. Idan ƙasa ta fara bushewa, takan tara wani sinadari da ake kira ABA, shi ke rufe ƙananan ƙofofin ganye don kada ruwa ya fita. Ƙwayoyin gado na rukunin DREB kuma su tayar da waɗanda ke kare jikinta daga bushewa. In zafi ne ya yi yawa, rukunin HSP ke tashi, su samar da furotin da ke hana sauran furotin lalacewa. Sai dai kariyar ba kyauta ba ce. Ƙofar da aka rufe wa ruwa, ta nan ne iskar da ganye ke haɗa abinci da ita take shiga. Shuka ta tsira, buhu ya ragu.

Saboda haka a fara da iri. A nemi mai jure zafi da aka gwada a ƙasar nan, kamar Norman ko Reyna 28, waɗanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar. Alkamar da aka auno a kwano a kasuwa ta tuwo da alkaki ce, ba a san asalinta ba.

A shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, kilo 100 zuwa 120 a hekta, a layi mai tazarar santimita 20. Lissafin ke nan: wajen wata biyu bayan shuka take fitar da kai. Wanda ya shuka a ƙarshen Nuwamba, furensa zai faɗo cikin sanyin Janairu. Wanda ya jira kuɗin taki har Janairu kuwa, furensa Maris zai tarar. Zafi in ya haura digiri 30 a lokacin fure yakan kashe bununi, sai ka murza zangarniya a tafin hannu ka ga rabinta ƙaiƙayi. In kuma lokacin cika ido ya same ta, aikin tara sitaci ne ke tsayawa da wuri, tsaba ta fito a motse, ba nauyi. A nan ko iri mai kyau 'yan kwanaki kawai yake iya jurewa.

Ban-ruwa duk kwana 7 zuwa 10, gwargwadon ƙasa. Mai yashi ta fi saurin jin ƙishi. In man injin ban-ruwa ya yi kaɗan, kada a yi tsimi a lokuta uku: wajen sati uku bayan shuka, lokacin da ta yi ciki zuwa fure, da lokacin da tsaba ke madara. Ganye mai ruwa yana sanyaya kansa, har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Kada dai a cika fangali ranar da iska ke kaɗawa bayan kai ya yi nauyi, za ta kwanta.

Alkama kanta take yi wa barbara, don haka ana iya ajiye iri. Damina ce ke kashe shi a ɗaki. Kafin shuka a ƙirga tsaba 100, a naɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara har mako guda. In waɗanda suka tsiro ba su kai 85 ba, a ƙara yawan irin ko a sake wani.