Yadda ake yi wa gidan ƙauye kuɗi a lokacin da ƙaramar hukuma ta ɗauke ƙafa

Ni magini ne. Ina zaune a wani gari tsakanin Ringim da Taura a jihar Jigawa, kuma saboda sana'ar, idan za a raba gado ko wani zai sayar da gida, akan aiko yaro ya kira ni in yi wa ginin kuɗi. A da aikin ba shi da wuya. In ƙirga ɗakuna, in duba ko bulo ne ko ginin ƙasa, in ɗaga kai in ga kwano da azara, in faɗi abin da zai ci idan yau za a tayar da irinsa. Yanzu wannan lissafin shi kaɗai yana cutar da mai saye da mai sayarwa. Kaso mai yawa na kuɗin gida a wajen katanga yake: a kwatar bayan gida, a famfon unguwa, a hanyar da ke kai mutum titi, da kuma mutanen da za su fito idan waɗannan suka lalace.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da magudanan ruwa, hanyoyin cikin gari, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu da kwashe shara, kuma tana da hannu a makarantar firamare da ƙaramin asibiti. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin da ake rabowa daga Abuja ya ƙaru a takarda, amma abin da yake iya saya ya ragu ƙwarai. Buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024. A watan Yulin shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, albashi kuwa shi ake fara cirewa kafin a zo maganar kwalbati. A ranar 11 ga wannan watan ne Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Mun yi murna da hukuncin. Amma kai mai son sayen gida, ka yi lissafinka a kan abin da idonka ya gani, kada ka sa alkawarin kowa a ciki.

Kada ka je duba gida da rani. A watan Maris kowane lungu tsaf yake, dillali ma ya fi son ya zagaya da kai a lokacin. Ka daure sai Agusta, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi, da sassafe kafin ƙasa ta tsotse. In cinikin ba zai jira ba, to ka durƙusa ka duba gindin katanga ta waje. A ginin bulo za ka ga layi, ƙasa da shi simintin ya yi duhu ko ya fitar da farin gishiri yana marmashewa. A ginin ƙasa gindin ne zai zaizaye ya shige ciki. Sabon yaɓe da ya tsaya iya gwiwa alhali saman bangon tsoho ne, an yi shi ne don a rufe wani abu. Ka duba dokin ƙofa kuma. In an ɗaga shi da bulo ɗaya ko biyu har sai ka tsallaka za ka shiga zaure, masu gidan sun sha kwasar ruwa da bokiti.

Daga nan ka bi ruwan da ƙafarka. Daga indararo ina yake zuba? Ta wace kafa yake fita daga tsakar gida? In ya fita lungu, ina ya nufa? A garuruwanmu ƙarshensa kududdufi ne, ramukan da kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, su ne kuma suke shanye ruwan gari. Abin da ke tayar mini da hankali a 'yan shekarun nan shi ne yadda ake cike su da shara a yanka fulotai. Wanda ya yi gini a irin wannan wuri, ƙasar za ta ci gaba da zama a ƙarƙashinsa, bango ya tsage ko rodi nawa aka zuba. Ruwan da aka kora daga makwancinsa kuwa gidajen kusa zai shiga. Don haka ko gidan da kake nema a tudu yake, ka tambaya ko an cike wani kududdufi a unguwar.

Mu da ke bakin kogin Haɗeja muna da ƙarin tambaya. Ambaliyar 2022 ta ci gidaje da gonaki a Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja, kuma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa a gabas tana nan, ruwan da ke gangarowa daga wajen madatsun ruwan Tiga da Challawa ba ya samun wucewa da sauri. Kada ka tambayi mai gidan inda ruwa ya tsaya a shekarar. Ka nemi tsohuwar da ke maƙwabtaka, ka gaishe ta sosai, ka ce, "Iya, shekarar babban ruwan nan a ina kuka kwana?" In ta ce a ɗakinta, alhamdu lillahi. In ta ce a makarantar firamare, ka san abin da za ka rage. Ka kuma je ka ga jingar garin da idonka, ka ji su wa ke ɗaure ta kafin damina.

Sai ruwan sha, kuma nan ne na fi daɗewa idan aka kai ni unguwar da ban sani ba. Ba na tambaya ko akwai famfo, don famfon tuƙa-tuƙa da tankin sola ba su da wuyar gani a Jigawa. Abin da nake tambaya shi ne: yaushe ya lalace na ƙarshe, kwana nawa ya yi a haka, wa ya gyara? In aka ce kansila ne, to sai ka tuna kansila yana sauka. In aka ce wani Alhaji ne da ke Kano, Allah ya saka masa, amma ran da kasuwa ta juya masa baya unguwar ta koma rijiya. Amsar da nake son ji ita ce, "Karo-karo muka yi, a kwana uku aka tayar da shi." Robar cikin famfo cinyewa take yi, sandunan suna tsinkewa, ba yadda za a yi a hana. Gyaran ba shi da tsada, rashin wanda ke riƙe da kuɗin gyaran ne yake kwantar da famfo wata shida.

Ka mayar da wannan ya zama lissafi. A ce ɗan garuwa yana sayar da jarka naira 100, gidanka kuma yana cin jarka shida a rana. Naira 18,000 ke nan a wata, 216,000 a shekara. Gidan da aka rage maka dubu ɗari uku saboda yana unguwar da ba ruwa, kafin shekara biyu ka biya ragin har da ƙari. Haka za ka tambayi taransifoma ma: da ta ƙone, wa ya bi sawu, gida nawa suka ba da nasu?

Hanya ba ta buƙatar dogon bincike. Ka tsayar da ɗan acaɓa ka ji nawa zai ɗauke ka daga ƙofar gidan zuwa bakin titi da damina, tunda yanzu kuɗin mai ya sa kowane kilomita yana da farashi. Ka auna lungun da ido: mota za ta iya shiga cikin dare ta ɗauki mai naƙuda? Gidan da ke kan hanyar da motocin Gujungu ke bi ran Lahadi, ko na Maigatari ran Alhamis, zaurensa ma zai iya zama shago. Makaranta kuma ka je da hantsi ranar karatu ka ƙirga malaman da ke cikin aji, fentin bango ba ya koyar da yaro. A asibitin garin ka tambaya ko akwai mai kwana. In dillali ya fara kawo maka labarin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, da reshensa na Dutse, ka saurare shi da ladabi, amma kada ka biya kuɗin tashar da ba ka ga inda aka kafa ta ba.

Sai yanzu za ka shiga ciki. Ka ƙirga bulo, ka san inci shida ne ko tara. Ka ƙirga kwano, bandir ɗaya falle ashirin ne. Ka haɗa katako, rodi, ƙofofi, tagogi, daɓe da kuɗin aiki a kan farashin kasuwa na wannan makon, sannan ka rage gwargwadon tsufa. Ka ƙwanƙwasa katakon rufi da sanda, in ya yi ƙarar holoƙo gara ta gama da cikinsa. Ka taka tazarar shadda da rijiya, duba-gari suna son a bar kamar mita 30, har da shaddar maƙwabci da ke bayan katanga. Ginin ƙasa kada ka raina shi. In azararsa lafiya take kuma ana yi masa yaɓe duk shekara kafin ruwa, ya fi bulo sanyi a watan Afrilu. Sai dai ran da aka bar shi damina biyu babu mai kula, kuɗinsa ya koma na fili da kwano. Kuɗin filin kuwa, ka nemi fulotai biyu ko uku da aka sayar kusa a bana, ka ji abin da aka biya a hannu, ba abin da aka fara yi wa suna ba. Ka haɗa na gini da na fili, sannan ka ɗora ko ka rage abin da ka gano a waje.

Akwai abin da ba na yarda da shi a rabon gado. Sau da yawa wani daga cikin maza zai ja ni gefe ya ce, "Malam, a sassauta kuɗin, gidan a hannunmu zai zauna." Manufarsa a karya farashi don a sallami mata da ɗan abin da bai kai haƙƙinsu ba. Amsata ita ce kuɗi ɗaya zan faɗa, a gaban kowa, matan suna ji ko wakilinsu yana zaune. In kai ne magajin, ka nemi a kira masu kimantawa biyu da ba su san juna ba. Ka kuma sani a mazhabarmu ta Malikiyya, idan ɗaya ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su karɓe kason a kan kuɗin da aka sayar. Mai saye da bai binciki wannan ba zai iya tsintar kansa gaban alƙali.

Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya. A aikace abin da ke tsare ka shi ne takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci, da shaidu, da maƙwabtan kusurwa huɗu, an rubuta tsawo da faɗi da ƙafa. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu ko ya dangwala, har wanda ke ci-rani a Legas a jira shi. Ka tabbata filin bai ci burtali ba, bai shiga filin makaranta ko na idi ko maƙabarta ba, don idan kuɗi ya yi wuya idon mutane kan koma kan filayen jama'a. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a yi sallama.

In kuwa kai ne mai gida kana son kada ya faɗi, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A unguwarmu asusu muka buɗe. Kowane gida yana ba da ɗan abin da aka yanka ran Juma'a, mutum ɗaya ke karɓa, wani ke rubutawa, na uku ke ajiyewa, kuma duk ƙarshen wata a karanta lissafin a ƙofar masallaci bayan la'asar. Mata suna da tasu mai karɓa, kuma nasu ya fi zuwa a kan lokaci, don su da 'ya'yansu ne ke shan wahala in famfo ya tsaya. Muna ajiye robar famfo tun kafin ta cinye. A watan Mayu muna kiran gayya, a yashe kwata tun daga kan lungu har kududdufi, a cika buhunan yashi a jibge. Gidan da masu shi suka koma birni kuma muna roƙonsu su sa wani a ciki ko kyauta ne, don kango in ya rushe kan kwata yake faɗawa.

Wannan bai sauke wa hukuma nauyinta ba, kuma bai kamata a bar ta ta manta ba. Ku rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, ku kai sakatariya, a buga muku hatimi a kwafinku. Ku nemi abu ɗaya mai suna da adadi, kamar bututun kwalbati huɗu ko tifa biyu ta tsakuwa, ku ce aikin hannu naku ne. Irin wannan buƙata ta fi samun shiga a kan doguwar takardar koke, kuma in aka canza shugaba kuna da abin nunawa.

Mai sayarwa, in da hali kada ka fitar da gida a Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kowa ya san a matse kake. Ka jira kaka, bayan an sayar da riɗi da zoɓo kuɗi ya shiga hannun mutane. Idan mai saye ya zo, bayan ya gama duba ɗakuna ka kai shi bakin famfo ya tuƙa da hannunsa, ka sa mai rubuta asusu ya buɗe masa littafi ya ga ranakun da aka yi gyara da abin da ya rage a ajiye, ka kuma gaya masa nawa gidan yake bayarwa duk Juma'a don ya shigo da saninsa.