Yadda mai sayar da hatsi a Garwa zai kama kasuwar masu albashi

Duk wanda ya daɗe yana awo a babbar kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru ya lura cewa cefanen gidajen ma'aikata ya sauya. Malaman makaranta, ma'aikatan kamfanin auduga na SODECOTON, da waɗanda jami'ar Garwa ta jawo tun da aka kafa ta a 2022, duk suna cin tuwo har gobe, sai dai shinkafa da taliya da burodi sun ci rabon dawa da gero a tukunyarsu. Babban dalili shi ne lokaci, domin matar da ke fita aiki da sassafe ba ta da sararin surfe da bakace, balle bin layin injin niƙa. Wannan wahalar ce ɗan kasuwa zai ɗauke mata ya ci riba.

Ka fara da mayar da hatsi gari. Ka sayi masakwa, wato dawar rani, lokacin da take kwararowa kasuwa bayan girbin rani, wajen watan Fabrairu, ka sa a surfa, a wanke, a shanya a kan tabarma maimakon tsurar ƙasa, saboda tsakuwa ɗaya da maigida ya tauna ta isa ta raba ka da gidan gaba ɗaya. Kada a kai niƙa sai ta bushe ƙarau, in ba haka ba garin zai yi tsami a cikin leda kafin mako ya zagayo. Masarar da ta yi fumfuna kuwa a zubar da ita, komai arharta, domin gubar da ke cikinta tana lalata hanta kuma dafuwa ba ta kashe ta. Sannan ka ajiye kwanon awo ka ɗauki sikeli, ka ƙulla kilo 1 da kilo 5, ka manna takarda mai ɗauke da ranar niƙa da lambar wayarka.

Shinkafar Yagwa da ake nomawa a filayen kamfanin shinkafa na SEMRY ma haka take. Masu albashi kan tsallake ta su ɗauki ta waje wadda ke shigowa ta tashar jiragen ruwan Duwala, galibi don gudun tsinta, alhali idan ka tsince ta Yagwan ka ware gutsattsari za ka iya ɗora mata farashi ba tare da ciniki ya yi tsawo ba.

Ka daidaita kayanka da ƙarshen wata, ka karɓi saƙo ta WhatsApp da kuɗi ta Orange Money, wato tsarin tura kuɗi ta waya, mai babur ya kai har ƙofar gida. Bashi kada ya wuce wa'adin albashi ɗaya.

A ganina, sayar da kindirmo da kajin gona ya jira tukuna, ko da yake a nan ribar ta fi tsoka. Idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba Garwa wuta ya ja baya a watannin zafi, wutar lantarki takan yi ta ɗaukewa, kuma firjin da ya kwana babu wuta yana iya cinye jarin wata guda. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa da dakakken yaji ba su buƙatar sanyi, kuma matar da ta sayi garinka za ta neme su a hannunka.