Ku daure har mataki na 5

'Yan uwa masu buga wasan bidiyo na Baldur's Gate 3 a nan Jidda da Makka, don Allah ku rage gaggawar haɗa aji biyu, wato ba jarumi ɗaya salon yaƙi iri biyu. In ajin Fighter ko na Paladin kuka ɗauka, ku daure har mataki na 5, domin a nan ne jarumi yake samun sara biyu a juyi guda. Wanda ya kauce tun mataki na 3, wallahi zai sha wuya a hannun abokan gaba.

Makin ƙarfi kuwa, 16 da 17 duk ƙarin +3 suke bayarwa, don haka gara ku tsaya a 16 ku zuba rarar a Constitution, wato makin juriyar jiki. In lissafi ya ɓaci, Withers, wani mai kama da gawa da ke zama a sansaninku cikin wasan, zai sake muku zubin maki da zinari 100. Kafin ku saka mod, wato ƙarin da ake ɗora wa wasan don a sauya shi, ku adana wasanku daban.